Ɗan Murfin da ke Gindin Injin Ban-Ruwa

(Laccar wannan wata, domin azuzuwan manya na Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Malamin aji ya fara karantawa a bayyane, sa'an nan ɗalibai su karɓa bi da bi. In da hali, a kawo injin ban-ruwa ɗaya a ajiye gaban aji.)



Maganar yau a kan wani ɗan abu ce da bai fi murfin jarka girma ba. Yana can gindin injin ban-ruwa, wurin da ido ba ya yawan kai wa. Manomi yakan yi shekara biyu da inji bai taɓa sunkuyawa ya dube shi ba. Amma ranar da ya lalace, inji zai yi ta kuka, mai yana ƙonewa, ruwa kuwa ko ɗigo ba zai hau gona ba. Ɗan hakin da aka raina ke nan.

An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tun daga lokacin ruwa ke gangarowa ta babban kanal zuwa gonakin wannan yanki. Ba inji ke turo shi ba, gangare ne kawai. Wanda gonarsa ke bakin ƙaramin kanal, ɗan lanƙwasasshen bututun nan ya ishe shi. Amma ba kowa ne ya dace da haka ba. Akwai na kan tudu. Akwai na ƙarshen layi, waɗanda ruwa kan iso musu a gajiye. Akwai masu ja daga magudana, ko daga Kogin Kano, ko daga 'yar rijiyar bututu. Duk waɗannan, inji ne uwa, inji ne uba. Ƙananan injina masu shan fetur sun yawaita a ƙauyuka tun shekarun 1980, suka ƙara yawa da zuwan shirin Fadama a shekarun 1990. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita ta zama abin lissafi. Irin waɗannan injina kan sha sama da lita ɗaya a awa in suna aiki sosai. Saboda haka awar da inji ya yi yana kuka ba ruwa, kuɗi ne aka cinna wa wuta.

YADDA INJI KE JAN RUWA

Injin ban-ruwa kashi biyu ne. Akwai ɓangaren da ke shan mai, shi ne mai ƙara. Akwai kuma tukunyar ruwa, inda ake ɗaura tiyo biyu, na ja da na turawa. A cikin tukunyar akwai farfela mai juyawa da sauri.

Farfelar nan ba ta iya aiki a bushe. Ruwa take iya wujijjigawa, ba iska ba. Shi ya sa ake buɗe murfin sama a cika tukunya da ruwa kafin a ja igiya. Wannan ruwan farko shi ne jari. Da shi farfela ke korar iskar da ke cikin tiyo, har ruwan kanal ya biyo baya. In jarin ya zube, ba abin da zai biyo baya.

To, tukunyar tana da murfi biyu. Na sama na ɗura ruwa ne, kowa ya san shi. Na ƙasa na zubar da ruwa ne. Ana buɗe shi bayan an gama aiki domin yashi da taɓo su fita, kada su kwana su kama farfela da tsatsa. A ƙasashen sanyi kamar Ingila da Rasha, in aka bar ruwa ya kwana a ciki sai ya daskare ya fasa tukunyar. A nan ba a san wannan ba. Abin da aka sani shi ne yashi da zafin rana.

A wuyan kowane murfi akwai ɗan zobe na baƙar roba. A lura da kyau. Ba haƙoran murfi ke tsare ruwa ba. Haƙora matsewa kawai suke yi. Zoben nan shi ne mai gadi. In ya bushe, ko ya tsage, ko ya baje kamar waina, ko da an kira ƙato ya matse murfin, ruwa zai sami hanya.

ABIN DA KE BIYO BAYAN YOYO

Abin yakan fara da ɗigo. Manomi ya cika tukunya, ya gangara ya gyara bakin tiyo a cikin ruwa, ya tsaya gaisawa da maƙwabci. Kafin ya dawo ya ja igiya, rabin ruwan ya tsiyaye ƙasa. Inji ya tashi, ya ƙi ja. Sai ya ƙara masa wuta. Ya ƙi. Sai ya bar shi yana gudu, wai ko ya kama daga baya.

Nan ne babbar asara take. A bayan farfela akwai wani abu da kanikawa ke kira sil. Fuska biyu ce masu santsi, ɗaya ta gawayi mai tauri, ɗaya ta farin tangaran, suna gugar juna. Aikinsu shi ne hana ruwa bin sandar farfela ya fita. Ruwan tukunya ne ke sanyaya su. In babu ruwa, cikin ɗan lokaci sai su yi zafi su ƙone. Daga nan magana ta wuce zoben roba. Sai an ɗora inji a babur an kai Kura, ko ma Kano. Sai an kwance tukunya, an cire farfela, an biya kuɗin sil da ladan aiki.

Gona kuwa ba ta san an tafi gyara ba. Tumatur mai fure in ya sha ƙishi a zafin Maris, furen zubewa yake yi. Wanda ya riga ya yi 'ya'ya, in aka bar shi ya bushe sa'an nan aka kwarara masa ruwa, sai ya tsattsage, ko gindinsa ya yi baƙi. Mai saye a Kwanar Gafan ba zai tambayi dalili ba. Zai ɗaga 'yan biyu-uku daga kwando, ya kada kai, ya rage kuɗi. Alkama ma haka, in ta rasa ruwa lokacin fitar da kai, ƙwayar ba ta cika.

Akwai abu biyu da ya kamata mai inji ya riƙe. In ya ga inji ya ɗan jima bai ja ba, ya kashe shi. Kada kuma ya yi gaggawar zuba ruwan sanyi, domin tangaran mai zafi fashewa yake yi. Ya bari ya huce. Kada ya buɗe murfi nan take, domin ragowar ruwan da ke ciki kan yi zafi har ya ƙona hannu.

A TABBATA LAIFIN NA MURFI NE

Ba kowane ƙin ja ne laifin murfin ƙasa ba. Mutane da yawa sun sayi abin da ba shi ne ya lalace ba. Gwajin mai sauƙi ne, ba ya cin ko kwabo.

A ɗora inji a busasshen wuri, a kan shimfiɗaɗɗen buhu ko kwali. A goge jikin tukunya da tsumma har ya bushe. A cika ta da ruwa, a rufe. Kada a tayar da inji. A zauna a zuba ido.

In ɗigon daga wuyan murfin ƙasa yake fitowa, an kama ɓarawo. In daga tsakanin tukunya da ɓangaren mai yake fitowa, sil ne ya riga ya mutu, sai bakanike. In kuwa ba ɗigo ko kaɗan, amma inji ba ya ja, to a koma kan tiyon ja. Wataƙila yana shan iska ta wurin ɗauri, ko ya huje, ko rariyar bakinsa ta toshe da ciyawa. Wataƙila kuma ruwan ne ya yi nisa. Irin waɗannan injina ba sa jawo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, kome sabuntarsu. Wannan ba laifin kamfani ba ne, iyakar da iska ta yanka ke nan.

Wani abu kuma. A ƙasan ɓangaren mai akwai noti na ƙarfe, na zubar da baƙin mai. Ba shi ake magana ba. Yaro mai rawar kai yakan kwance shi da sunan taimako, mai ya tsiyaye, inji ya buga. A nuna wa yaran gida bambancin tun wuri. Na ruwa yana jikin tukunya, ƙarƙashin bakin tiyo.

YADDA AKE SAUYAWA

A kashe inji, a rufe makunnin mai, a bari ya huce. In injin a cikin rami yake, kamar yadda masu rijiyar bututu kan saukar da shi don ya kusanci ruwa, a fito da shi sarari. Hayaƙin inji yakan kwanta a rami, ba ya wari sosai, kuma yana kisa.

A murɗa murfin zuwa hagu, yadda ake buɗe jarka. Yawancin murafan nan na roba mai tauri ne, hannu ya ishe su. Da ya fita, kada a yi saurin jefar da shi. A kai shi haske a duba. A cire zoben da tsinke, ba da wuƙa ko allura ba, don kada a karce mazauninsa. A ɗan ja shi da yatsu. Lafiyayyen zobe yana miƙewa ya koma. Matacce yana nuna tsaga-tsaga kamar kaushin dunduniya. Sau da yawa zoben kaɗai ne ya mutu, murfin lafiya lau. In kuwa haƙoran murfin sun cinye, ko wuyansa ya tsage, to duka za a sauya.

Tun da ramin yana buɗe, a yi amfani da damar. A riƙa zuba ruwa ta sama yana fita ta ƙasa, ana girgiza injin, har ruwan ya fito garau. Mutum zai yi mamakin yashin da zai gani. Sa'an nan a sami tsohon buroshin haƙori a wanke haƙoran ramin, a goge bakinsa da tsumma. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin sabon zobe ta isa ta buɗe wa ruwa ƙofa.

Wajen saye ne ake yawan cutuwa. Injina iri-iri ne a kasuwa, akwai Honda, akwai Yamaha, akwai na China masu kama da su. Murafansu sun yi kama a ido, amma haƙora kan bambanta. Mai zuwa kasuwa ya sa tsohon murfin a aljihu, ya gwada su kai da kai a gaban mai shago. Wanda ya iya karatu ya riga ya tsere wa sauran. A jikin inji akwai suna da lamba. Lamba 20 ko 50 tana nufin inci 2. Lamba 30 ko 80 tana nufin inci 3. Ya rubuta sunan da lambar a takarda, ya miƙa wa mai shago, ko ya ba ɗan aike. Ba sauran "irin na wane nake so". Zobe kuwa sai faɗinsa da kaurinsa sun yi daidai da na da. Mai kauri ba zai zauna ba, siriri ba zai tsare ba. Kuma a sayi biyu. Dalili na nan tafe.

An dawo gida da sabo. A jiƙa zoben da ruwan sabulu, a zura shi wuyan murfi, a tabbata bai murɗe ba. Yanzu sai wurin da ke son natsuwa, domin a nan ake kashe tukunya. Jikin tukunyar gorar ruwa ce, wato alminiyan, ƙarfe mai laushi, irin na tukunyar girki. In murfi ya shiga a karkace aka matsa masa, haƙora sun tafi. Dabarar ita ce, a ɗora murfin a saiti, a fara murɗa shi baya, zuwa hagu, a hankali. Za a ji ya yi ɗan ƙas, ya faɗa mazauninsa. To, sai a juya dama. Ya kamata ya yi zagaye biyu ko uku da yatsu kawai, ba gardama. In ya yi tauri tun zagayen farko, a karkace yake. A fito da shi a sake. In ya kai ƙarshe, a ƙara masa ɗan ƙarfin hannu, shi ke nan. Filaya ba ta da aiki a nan. Mai matsewa da filaya yana ganin ƙwazo ya yi, alhali zoben yake murƙushewa.

Sai a sake gwajin nan na busasshen buhu. In ba ɗigo, a kai bakin ruwa a tayar, a sunkuya a sake dubawa yana gudu. Wani yoyon ba ya nuna kansa sai ruwa ya yi ƙarfi.

Wani lokaci kan murfin yakan karye, gindin ya maƙale a rami. Kada a sa kurfi da guduma. A ɗauki sukundireba mai faɗin baki, a je nesa da inji da jarkar mai, a gasa bakinta a wuta. A dawo a danna ta cikin robar da ta maƙale, a bari ta huce ta kama, sa'an nan a murɗa hagu. Yawanci yakan fito salin-alin. In murfin na ƙarfe ne ya kafe, a ɗiga masa kananzir a bari ya kwana. In kuwa haƙoran tukunyar ne da kansu suka cinye, wannan ya fi ƙarfin gona. A kai wa masu aikin ƙarfe su yanka sababbin haƙora su sa murfi mafi girma.

DABARUN DA KE KAMA DA MAGANI

Kowa ya taɓa ganin inji da aka naɗe gindinsa da leda. Wani tsumma yake cusawa. Wani ya fere ice ya buga. Wani ma gam yake malalawa ya liƙe ramin gaba ɗaya, ya huta. Mai gam ya fi kowa cutar kansa, domin daga ranar yashi ba shi da hanyar fita. Leda kuwa tana cika haƙora, ta sa murfi ya shiga a karkace. Ice da aka buga da dutse yana cin alminiyan, kuma ba ya daɗewa. Injin da ke iya tura ruwa sama da mita 20 a tsaye, ba ɗan ice ne zai tare shi har ƙarshen rani ba. Wata rana zai yi tsalle ya fita ana tsakiyar ban-ruwa, mai gona yana can ƙarshen fangali da fartanya.

In dole ta kama, ga ruwa ya zo layi, ga kasuwa da nisa, akwai dabarar da ba ta ɓarna. A yanko zobe daga tsohon tubun babur, daidai wuyan murfi, a sa a madadin wanda ya mutu. Zai kai mutum ƙarshen yini, wataƙila har ranar kasuwa. Amma aro ne, ba mallaka ba.

DARASI DAGA MASU JIRGIN RUWA

Ba manomi kaɗai ke fama da irin wannan murfi ba. Wanda ya je Tiga ya ga masunta, ya san kowane kwale-kwale yana tara ruwa a ciki, ana kwarfewa da ƙwarya ko yankakken galan. To, a bakin teku, kamar Legas da ƙasashen Turai, akwai jirage masu tafiya da iska, waɗanda ake ɗaura wa ƙyalle a dogon sanda. Su ma ruwa yana taruwa a can ƙasan cikinsu. Sai maƙera suka huda wa da yawa daga cikinsu rami a wuri mafi zurfi, suka sa masa murfi mai haƙora, galibi na tagulla. In an jawo jirgi tudu, sai a buɗe, ruwan ya tsiyaye. Kafin a mayar da shi teku, a rufe.

Murfi ɗaya ne da na inji, sai dai aikin ya juya. Na manomi yana hana ruwa fita. Na jirgi yana hana ruwa shiga. In na manomi ya ci amana, tumatur ne zai tafi. In na jirgi ya ci amana, jirgin zai cika sannu a hankali ya nutse, wani lokaci yana ɗaure a bakin gaɓa cikin dare. Saboda haka masu jirgi ba sa jiran ɗigo. Duk lokacin da jirgi ya hau tudu sai sun kwance murfin sun duba haƙoransa. Sun kuma san cewa ƙarfe iri biyu in suka haɗu a cikin ruwa, ɗaya yana cin ɗaya. Wannan ne ma ke sa notin baƙin ƙarfe ya kafe a tukunyar alminiyan, ya yi farin gari a gefe. Don haka mai inji kada ya tsinci kowane noti a shago ya ɗaura don ya ga ya shiga.

Suna da wata al'ada kuma. Kusa da kowane rami da ke ƙasan jirgi, sukan ɗaure ɗan fereren ice mai tsini da igiya. In abu ya ɓalle a tsakiyar teku, ba sai an je nema ba, hannu kawai za a miƙa. Icen yana shan ruwa ya kumbura, ya riƙe har a kai gaɓa. Da an kai gaɓa kuwa sai a cire shi a yi gyara na gaskiya.

Dalilin sayen biyu ke nan. Mai inji ya sa murfi na biyu da zobensa a 'yar leda, ya ɗaure a jikin ƙarfen da ke kewaye da inji, gefen da ba ya zafi, inda rana ba ta dukansa. A injina da yawa murfin sama da na ƙasa girmansu ɗaya ne. A gwada a gani. In haka ne, ɗaya ya tsare ƙofa biyu. Ƙungiyar manoma mai inji uku ko huɗu, ma'aji ya ajiye 'yan zobba a gwangwani. Mai ɗaukar hayar inji kuma ya sunkuya ya duba gindinsa a gaban mai shi kafin ya ɗora a amalanke, don kada gobe a ce a hannunsa sil ya ƙone.

IN RANI YA ƘARE

Da damina ta sauka, yawancin injina ɗaki suke komawa. Kafin a ajiye, a buɗe murfin ƙasa, a wanke tukunya da ruwa mai tsabta, a bari ta tsane kwana ɗaya a inuwa. Sa'an nan a mayar da murafan biyu a wurinsu, sako-sako, kada a matse. Zoben da ya yi wata biyar a matse yakan baje tun bai yi aiki ba. Kada kuma a ajiye su a kan taga ko a cikin ƙwarya, yara za su mai da su tayar mota. A toshe bakunan tiyo da tsumma, domin zanzaro ba ya ganin rami ya wuce, kuma ginin da zai yi a cikin tukunya sai an kwance ta kafin ya fita.